Kul ɗin Ammar

Ranar Alhamis ce, kuma washegari Hajiya Innayatu za ta koma gida Dutsin-Ma. Tun da hantsi aka gama ɗaure kaya: dabino, jallabiyoyin jikoki, turare, da jarkar zamzam da ɗanta Rilwanu ya naɗe da leda. Abu guda ne ya ƙi ɗauruwa, shi ne tsakaninta da jikanta Ammar.

Rilwanu ɗalibi ne a jami'ar Madina. Ya daɗe yana fama da digirinsa na uku, har ya yi aure a garin, ya auri Zakiyya, 'yar Hausawan nan da kakanninsu suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna. Zakiyya tana jin Hausa sarai, tana kuma yi, sai dai rabin zancen Larabci ne. 'Yarsu ta fari Yasmin, mai shekara shida, in ka yi mata Hausa za ta gane, ta mayar maka da Larabci. Shi kuwa Ammar ɗan shekara uku, ko "zo" bai sani ba. Sunan marigayi mijin Hajiya ya ci, Malam Ammaru, don haka ba ta iya kama sunan, sai dai ta ce Maigida. Tun tana gida take kallon hotonsa a waya tana cika baki, wai ga angonta nan, bari ta je ta gani ko ya iya cefane.

To, ta zo ta gani.

Safiyarta ta farko a gidan, a unguwar Al-Sih, Rilwanu ya fita, Yasmin ta tafi makaranta, Zakiyya tana kicin. Ammar yana zaune a kan kafet da tamis a gabansa, faffaɗan burodin nan da mutanen Madina suke karya kumallo da shi. Ya yago loma, ya dangwala a cuku, ya taso da tafiyarsa ta 'yan maye har gabanta, hannu a miƙe. Daɗi ya kama Hajiya. Ta miƙa hannu za ta karɓa.

"Kul!" in ji yaron.

Ta janye hannu kamar ta taɓa murfin tukunya a kan wuta. Ya ƙara matsowa, ya ɗaga murya. "Kul! Kul!" Ta mayar da hannayenta baya, ta yi dariyar yaƙe, ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Maigida. Ashe mai rowa na aura." Yaron ya tsaya yana kallonta, leɓensa na ƙasa yana rawa, sai ya fashe da kuka ya ruga kicin.

Haka aka yi washegari, haka aka yi bayanta. Ya zo da abinci, ya nuna mata, ta miƙa hannu, ya daka mata kul, ta janye. Daga baya ma ta daina miƙawa, da ta hango shi tafe sai ta harɗe hannu ta kau da kai. Shi ma ya daina zuwa. In ta shigo falo ya koma bayan kujera, in ta kira shi ya ɓuya a zanen uwarsa. Kusan wata guda ke nan, ko cinyarta bai taɓa hawa ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa? Ta kai ƙarar ɗan shekara uku wurin ubansa? Ko ta buɗe baki ta tambayi surukarta? Amma abin yana cin ta, ci ba na wasa ba. Duk Hausar duniya, a ce kul kaɗai aka ga damar koya wa yaro! Kalmar da ake kora akuya da ita daga shanya. Ta sha kwanciya tana juya maganar, wani lokaci ta zargi Zakiyya, sannan ta yi istigfari. Ga shi gobe jirgi zai tashi, kuma ita ta san shekarunta, ta san gwiwoyinta, ba ta da tabbacin sake zuwa.

Ranar ta tashi da azumi, kamar yadda ta saba kowace Alhamis. Wannan kuwa ta ɗauke shi da girma, don shi ne azuminta na ƙarshe a birnin Manzo, kuma ta ƙudura a Masallacin Annabi za ta sha ruwa. Har ta ware dabino mai laushi ta ƙulle a gefen jakarta. Sai dai an riga an yi wa yara alkawarin hadiƙa, wato lambun shaƙatawa, kuma Yasmin ba ta mantuwa. Rilwanu ya raba gardama: bayan la'asar a je hadiƙar Aƙiƙ yara su yi wasan ruwa, kafin magariba a wuce Harami.

"Wasan ruwa kuma? A garin nan da ko ciyawa sai an roƙe ta?" in ji Hajiya.

"Za ki gani, Umma. Kuma kyauta ne."

Rana ta yi sanyi a ƙa'ida, amma iskar da ta tarbe su da suka fito daga mota kamar an buɗe tanda. Lambun cike yake. Ko'ina iyalai ne sun shimfiɗa darduma a kan ciyawa, ga fulas na shayi, ga na gahawa, ga kyanwoyi suna zagaye kamar an gayyace su. Rilwanu ya sauke su ya tafi neman inda zai ajiye mota. Zakiyya ta shimfiɗa tasu dardumar kusa da wani benci, ta tuɓe wa yara takalma, ta ce, "Yalla, ku je."

A tsakiyar lambun wurin yake. Wani fili ne da'ira, an shimfiɗe shi da roba mai laushi, shuɗiya da rawaya. Babu kududdufi, babu zurfi, ruwan daga ƙasa yake ɓullowa. Nan ya yi tsartuwa sama, can ya yi baka, ya ɗauke ɗif, yara su tsaya suna leƙa ramin, ya sake fesowa a fuskarsu su watse da ihu. A gefe guda an kafa dogon ƙarfe da ƙaton bokiti a samansa, yana cika a hankali, in ya cika ya tuntsure a kan duk wanda tsautsayi ya ajiye a ƙasa.

Hajiya ta zauna a benci ta riƙe haɓa. Ita da ta yi rayuwarta tana wanke-wanke da ruwa, ta yi shara da shi, sannan ta zuba wa zogale ragowar.

"Zakiyya, duk wannan ruwan ina yake tafiya?"

"Yana komawa ƙasa, Hajiya, a tace shi, ya dawo. Moya ɗaya ce take zagayawa, ruwan nan dai."

"Ikon Allah. To ai da sauƙi."

Yasmin tuni ta shige tsakiya, ta yi ƙawaye kafin a ƙifta ido. Ammar ya tsaya a baki-baki, ya sa ƙafa ɗaya ya janye, ya sake sawa. Da ruwan ya taɓa cikinsa ya ƙyalƙyale da dariya, wata irin dariya mai shaƙewa, sak ta marigayi in an ba shi labari mai daɗi. Hajiya ta ji abin har cikin ƙirjinta. Ta ce, "Maigida, a yi a hankali," ko waiwayowa bai yi ba.

Can Yasmin ta dawo tana rawar ƙafa, tana raɗa wa uwarta magana. Zakiyya ta miƙe. "Hajiya, bari in kai ta hammam, fitsari take ji. Ki duba min shi, dagiga ɗaya."

Ba su daɗe da tafiya ba Ammar ya tsinci abu a ƙasa. Guntun biskit ne da wani yaro ya yar, ya sha ruwa ya kumbura, an tattaka shi. Ya ɗaga shi da yatsu biyu yana yatsine fuska, ya nufi wata kyanwa da take zaune a bakin ciyawa. Hajiya ba ta lura da kyanwar ba. Ƙazanta kawai ta gani a hannun jikanta, ta miƙe tsaye, ta buɗe murya irin wadda take yi wa yaran unguwa.

"Kai! Kul!"

Yaron ya tsaya cak. Ya juyo ya dube ta, karo na farko cikin kwanaki da ya haɗa ido da ita. Ya dubi biskit ɗin. Ya sake dubanta.

"Kul na ce!"

Sai ya runtse ido, ya cusa abin a baki, ya haɗiye da ƙyar.

Tabɗi! Ran Hajiya ya ɓaci. Wato rowar ba ta isa ba, sai an haɗa da taurin kai, a kan idonta, da gangan. Ta manta da gwiwa, ta manta da hijabi, ta taka cikin filin za ta kamo shi ta ƙwaƙulo abin daga bakinsa. Ammar ya zille ya yi tsakiya. Ta bi shi. Yara suka dare, ita a zatonta girmanta suka gani, ashe su sun san abin da ke sama. Bokitin nan ya tuntsure, ya juye mata kaf tun daga ka har ƙafa.

Ta tsaya ruwa yana zuba daga hijabinta, ta damƙe baki gam don kada ɗigo ya wuce ya taɓa mata azumi. Yara suna ta tafi. Ta lallaɓa ta fito, takalmi yana ƙara, ta koma benci. A nan ta tarar da wata dattijuwa baƙa, mai jiki, cikin abaya, tana dariya har tana share hawaye.

"Sannu, 'yar gida," in ji matar da Hausa. "Ki yafe ni, wallahi na kasa riƙewa. Ungo tawul. Ƙaltume sunana, ga jikokina can su ma suna haukarsu. Daga jin kul ɗin nan na san ba ki daɗe da sauka ba."

Hajiya ta karɓi tawul ɗin ba don ta so ba. "Kin dai ga yaran zamani. Ka hana su abu, su yi shi a gabanka."

"Wa ya hana shi? Ke ce fa kika ce ya ci."

"Ni?"

"Ke. Har sau biyu. Yaro ya ɗauko zai ba kyanwa, kika ce kul. Ya dube ki ko wasa kike, kika sake cewa kul. Miskini, ya rufe ido ya bi umarni. Ai kul a bakin yaran nan ci ne. Ci! Ba ki yi karatun allo ba?"

"Na yi mana," in ji Hajiya a hankali. Ta yi kam, kuma yanzu da aka faɗa ta tuna ta sha wuce kalmar a karatu. Amma karatu yana kan allo, wa zai neme shi a bakin yaro da cuku a kumatu?

Ƙaltume ta gyara zama, labari ya zo mata. "Mu nan mun bar kul tun muna ƙanana. Uwata, Allah ya jiƙanta, ta taɓa ganin ƙanena Tahir da sabulu a hannu, ta ce masa kul. Ya cinye rabi! Har ya yi furfura muna kiransa Abu Sabun, wato Mai Sabulu."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Tawul ɗin yana hannunta, ta kasa kai shi fuska.

"Baiwar Allah," ta ce, "in yaro ya kawo miki abinci, ya miƙo, ya ce kul fa?"

"Ya ba ki ke nan. Kamata ya yi ya ce kuli, tunda ke mace ce, amma ɗan wannan kowa namiji ne a wurinsa. Kuma ba kowa suke ba ba, wallahi. Nawa sai na yi roƙo."

"In kika ƙi karɓa fa? Kika ɓoye hannu?"

Ƙaltume ta dube ta da kyau, dariyar ta ɗauke. "Sau nawa?"

"Har ya gaji."

"La haula," in ji Ƙaltume.

Kunya da baƙin ciki suka rufe Hajiya lokaci guda. Ta hango safiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya: ɗan mutum ya yago daga abincinsa, ya tako har gabanta, ya ce ci, ita kuma ƙatuwar banza ta harɗe hannu ta kau da kai, har da kiransa mai rowa. Ga Zakiyya da ta ɗauki alhakinta a banza. Hawaye suka zubo mata, sai dai fuskar a jiƙe take, babu wanda zai bambance.

"Yaya ake cewa ba ni?" ta tambaya.

"Addini. Ba addinin salla da azumi ba fa, haka yaran nan suke roƙon abu."

Zakiyya ta dawo da Yasmin, ta ga surukarta sharkaf ta dafe ƙirji. "Hajiya! Me ya faru?"

"Wanka na yi. Ba kyauta ba ne?"

Aka kamo Ammar aka naɗe shi a tawul, haƙoransa suna kaɗawa. Zakiyya ta ba shi yankan lemo. Hajiya ta sauko daga benci da ƙyar, ta durƙusa a gabansa, ta miƙa hannu. "Addini, Maigida. Addini." Yaron ya dubi hannun, ya mayar da lemonsa bayansa, ya shige jikin uwarsa. Yo ba dole ba? Matar da ta ƙi abincinsa wata guda, yau kuma ta sa shi cin ƙazanta.

"Rabu da shi, Hajiya, haka yake da baƙi," in ji Zakiyya.

Baƙi. Kalmar ta soke ta, amma ba ta ga laifin mai faɗa ba. Ta koma gefen darduma ta zauna.

Rilwanu ya iso yana duba agogo. Ya ga uwarsa, ya buɗe baki, ya ga fuskarta, ya fasa tambaya. "Umma, mu tashi. In muka ƙara jimawa ba za mu sami shiga Harami ba, ga cunkoso."

"Baban Yasmin, da wannan jiƙaƙƙen hijabin zan shiga? Bari in sha iska tukuna."

Ba iska take jira ba. Ta jawo jakarta, ta kwance ƙullin nan, ta ɗauko dabino ɗaya daga na buɗa-bakinta. Ba ta kira yaron ba, ba ta matsa kusa da shi ba. Ta ɗora dabinon a tafin hannu, ta ajiye hannun a kan gwiwa, ta sassauta murya yadda ba ta taɓa faɗin kalmar ba tunda aka haife ta.

"Kul."

Ammar ya leƙo daga bayan uwarsa. Ya daɗe yana nazarin dabinon, ko shi ma daga ƙasa aka tsinto. Sannan ya tako, tawul yana jan ƙasa, ya fizge ya koma da gudu. Ya gatsa. Ya yar da tawul ɗin ya sake rugawa cikin ruwa, abinsa a dunƙule a hannu.

Shi ke nan, in ji Hajiya a ranta. Ko wannan ma an samu. Ta fara laluben takalminta, Zakiyya tana naɗe kaya, Rilwanu yana kiran Yasmin. Rana ta sauka ta zauna a kan dutsen da ke yamma da unguwar, jawur, saura kaɗan ta faɗa.

Sai ga ƙananan ƙafafu a gabanta, suna ɗigar ruwa a kan darduma.

Ragowar dabinon ne a hannunsa, rabi, ya sha yawu ya sha ruwan wasa, har da ɗan yashi. Bai miƙo hannun duka ba kamar da. A lanƙwashe ya riƙe shi kusa da ƙirji, ƙafa ɗaya a baya, a shirye yake ya gudu. Muryar ma ba ta fita sosai ba.

"Kul."

Hajiya ta dubi dabinon. Ta ɗaga kai ta dubi rana, tana nan ƙiri-ƙiri, babu wanda zai ce ta faɗi. Azuminta na ƙarshe a Madina, ta kai shi har bakin gaɓa. Ba ta da Larabcin da za ta ce masa ya jira a kira salla, shi kuma ba shi da shekarun da zai gane. Abin da zai gani kawai shi ne ta sake janye hannu. Leɓensa na ƙasa har ya fara rawa.

Ba ta ma miƙa hannun ba. Ta sunkuya, ta ce bismillahi, ta buɗe baki. Ya cusa mata da yatsunsa masu sanyi. Ta tauna, yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙoranta, ta haɗiye.

"Umma!" in ji Rilwanu. "Rana fa ba ta..."

Ta ɗaga masa yatsa. "Kul!"

Malam mai digiri ya haɗiye sauran maganarsa. Ammar kuwa ya ji an ce Baba ya ci. Ya duba hannunsa, babu abin da ya rage sai ƙwallon, ya tafi da shi a guje ya miƙa wa ubansa. "Kul, Baba!" Ƙaltume daga benci ta sake fashewa, Yasmin tana tsalle, Zakiyya tana kallon kowa ba ta gane inda aka dosa ba.

"Zan rama a Dutsin-Ma," in ji Hajiya, ba ta dubi ɗan nata ba. "Azumi yana ramuwa."

Yaron ya dawo, ya tsaya a gabanta yana leƙa bakinta ya tabbatar ta cinye. Ta buɗe masa ya gani. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya gama wani babban aiki, ya juya baya, ya zauna daɓas a cinyarta, jiƙaƙƙe a kan jiƙaƙƙiya. Ya nuna ta da yatsa yana gaya wa Yasmin wani abu mai tsawo, Hajiya ba ta tsinci komai ba sai kalma ɗaya da ya maimaita.

"Me yake cewa? Mene ne sitti?"

"Kaka," in ji Zakiyya. "Wai kakarsa ta ci."

Aka kashe ruwan filin, yara suka yi ta ƙorafi. Jim kaɗan ladanin masallacin unguwa ya kira salla. Rilwanu ya tsaya da makullin mota a hannu, ya san Harami ya wuce su yau. Hajiya ta zagaye yaron da hannu biyu, ta ce a zubo mata shayi, kuma kada wanda ya ɗaga mata shi.